Ciwon 'Yan Gudun Hijira Wanda Ido Ba Ya Gani

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ɗan filin da ka saba ba ni, don in yi magana a kan baƙinmu da yaƙi ya koro.

Masu karatu ba su manta da shekarar 2014 ba, sa'ad da Boko Haram suka ci Gwoza da Bama da Mubi, sa'an nan Baga a farkon 2015. Mutum fiye da miliyan biyu suka bar gidajensu. Galibinsu ba su zauna sansani ba, cikin jama'a suka ɓace, waɗansu har ƙasar Kano. Wanda ya saba noma kuwa, ina za shi in ba inda ruwan Tiga ke bi ba, wajen Kura da Bunkure da Kadawa?

To, ruwan nan yana da nasa haraji. Sauro ba ya yankewa rani da damina, katantanwar magudanai kuma ita ke ɗauke da tsargiya. Amma wannan mai sauƙi ne, gama wanda ya ga jini a fitsarin ɗansa ya san hanyar asibiti.

Abin da ya fi damuna shi ne ciwon zuci. Matar da aka kashe mijinta a gabanta, bayan shekara goma barci na gagararta, ƙarar tayar babur in ta fashe sai jikinta ya ɗauki rawa. Yaro ya zauna a aji shiru, malami ya ce daƙiƙi ne, ya ɗauko bulala. Mu kuwa da sauri mu ce iska ce. Likitoci sun san wannan ciwo sarai, tsoro ne ya zauna a zuciya, yana kuwa da magani. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti. Akwai na Dawanau, akwai na Malam Aminu Kano. A Janairun 2023 ma aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, ta maye ta 1958 wadda mahaukata kaɗai ta sani. Sai dai doka ba ta biyan kuɗin mota daga Bunkure zuwa birni.

Saboda haka ina roƙon malaman makaranta da limamai, in sun ga irin wannan, su tambaya a hankali, kada su tilasta mutum ya ba da labarin da bai shirya ba. Hukuma kuma ta koya wa ma'aikatan ƙananan asibitocinmu gane shi, ko da mutum ɗaya ne a kowace gunduma.

Haza wasalam.

Naka,
Akawu, Dawakin Kudu.