Tsohuwar Amfilifaya: Kada A Yi Garajen Jona Ta Da Wuta

Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana shi ne abin da ya faru da wani maƙwabcinmu a nan Yamai. Ya gaji wata amfilifaya ƙirar Sansui daga mahaifinsa, wadda ta shekara ashirin a ɗakin ajiya. Ya kakkaɓe ta, ya jona, ya kunna. Ƙara ɗaya aka ji, sai hayaƙi da ƙauri. Da muka juya bayanta muka ga an rubuta bolt 120. Wutar Amurka ke nan, tamu kuwa 220 ce. Tiransifomar ta ƙone, ga shi samun irinta sai an sha wuya.

To, abu na farko shi ne a karanta bayan akwatin. Kayan da aka yi don Japan 100 suke ci. Wasu suna da ɗan maɓalli na zaɓen ƙarfin wuta, sai a tabbata yana kan 220 ko 240. In babu shi, dole a nemi tiransifoma mai rage wuta, wadda ƙarfinta ya zarce wat ɗin da aka rubuta a baya.

Daga nan a buɗe murfi, ba tare da an jona ba. Mun sha tarar da gidan zanzaro, da kashin ɓera, da ƙurar hunturu jibge. A duba fiyus. In an ga wani ya naɗe shi da waya ko takardar kwalin sigari, to akwai cutar da aka ɓoye. A kuma duba manyan kafasita, waɗannan masu kama da gwangwani. Akwai ruwan magani a cikinsu da ke bushewa da shekaru, zafin ƙasarmu kuma yana gaggauta hakan. Idan suka daɗe babu wuta, siririn rufin da ke cikinsu yana rauni, shi ya sa wuta mai ƙarfi farat ɗaya kan fasa su. Wanda ya kumbura ko ya yi yoyo, a canza shi kafin komai.

Dabarar da masu gyaran rediyo suka daɗe da ita ba ta da tsada. Ana yanke waya ɗaya daga cikin biyun da ke kawo wuta, a saka ƙwan lantarki na wat 60 ko 100 a tsakani, yadda sai wutar ta ratsa ƙwan kafin ta isa amfilifaya. Idan aka kunna, ƙwan ya haska sannan ya dushe, alama ce mai kyau, a bar ta haka ƴan mintoci. Idan ya tsaya da haske sosai, akwai inda wuta ta haɗe, a kashe nan take. Sai dai ƙwan ya zama irin na da mai zare, na zamani ba ya wannan aiki. Kuma amfilifayar yake karewa, ba hannun mutum ba. Masu kwalba suna riƙe bolt 400 ko fiye a ciki, har bayan an zare waya. Wanda bai san aikin ba ya kai wa mai gyara.

A nan ne mutane ke rikicewa. Mai tiransista, a fara kunna ta babu lasifika, a ɗora mita a inda ake jona lasifikar. Milibolt 50 zuwa ƙasa babu laifi. In ta kai bolt guda ko fiye, tana iya ƙona lasifika. Mai kwalba kuwa akasin haka ne, ba a kunna ta sam sai da lasifika a jone, don kada tiransifomar sautinta ta lalace.

Batun saye kuma, in mutum ya shiga Katako ko wajen masu kayan gwanjo, kada lamba ta ruɗe shi. A 1974 hukumar kasuwancin Amurka ta tilasta wa kamfanoni su riƙa faɗin ƙarfin da kaya ke iya bayarwa a kai a kai, saboda haka wat ɗin kayan wancan zamani abin dogara ne. Rediyoyin roba da suka zo daga baya da PMPO 2000 a goshi, wannan cika baki ne kawai. Marantz 2270 ta 1971 wat 70 take bayarwa kowane gefe, Pioneer SX-1980 ta 1978 kuwa 270. Sun yi suna, kuɗinsu ya hau. A ganinmu mai wat 30 ko 40 ta ishi falo, ga sauƙin gyara.

Muna gudun masu ɗauke da baƙin ƙunshin nan mai lamba STK, domin an daina yin yawancinsu, na jabu sun cika kasuwa. Ƙarar ƙas-ƙas idan ana murɗa maɓallin sauti datti ne kawai, feshin wanke kayan lantarki zai kore shi, ban da kananzir ko man keke. Gurnani mara yankewa yakan nuna kafasita sun gaji, sai a rage wa mai kaya kuɗi. In gefe ɗaya ya yi shiru gaba ɗaya, kada a biya sai mai gyara ya gani.