Raccah Rovers

Raccah Rovers tsohuwar ƙungiyar ƙwallon ƙafa ce ta birnin Kano da ke arewacin Najeriya. Ta yi tashe a shekarun 1970, kuma ita ce ƙungiyar Kano ta farko da ta lashe gasar lig ta ƙasa, a shekarar 1978. Sunanta ya samo asali ne daga gidan kasuwancin Raccah, na wani dangin baƙi da suka zo Kano daga Arewacin Afirka. Ƙungiyar ba ta wasa a yau, amma tarihinta ya shafi wata muhawara da har yanzu ake yi a ƙwallon Najeriya, wato wa ya kamata ya mallaki ƙungiya: attajiri ɗaya, ko gwamnatin jiha, ko kuwa magoya bayanta.

Asalin suna

Saul Raccah Bayahude ne ɗan kasuwa daga birnin Tarabulus na ƙasar Libiya, wanda ya zauna a Kano tun farkon ƙarni na 20. Dangantakar Kano da Tarabulus tsohuwa ce, tun zamanin fatauci ta Sahara. Bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a shekarar 1911, cinikin gyaɗa ya bunƙasa, birnin ya cika da 'yan kasuwa Turawa da Kwarori da Girkawa da Larabawan Arewacin Afirka. Raccah ya zama ɗaya daga cikin manyan masu sayen gyaɗa da fitar da ita waje, har yana gogayya da manyan kamfanonin Ingila irin su UAC a shekarun 1930.

A wancan zamani yawancin ƙungiyoyin ƙwallo a Najeriya na wuraren aiki ne, kamar hukumar jirgin ƙasa da ta tashar jiragen ruwa da 'yan sanda da kamfanoni. Sau da yawa ɗan wasa ma'aikaci ne a wurin, yana karɓar albashi, yana buga ƙwallo da yamma. Raccah Rovers ta fito ne daga irin wannan al'ada ta haɗa sunan kamfani da ƙungiya.

Shekarun tashe

An fara gasar lig ta ƙasa a 1972, kuma Mighty Jets ta Jos ce ta fara ɗaukar kofin. Daga nan ƙungiyoyin kudu suka mamaye gasar, musamman Rangers ta Inugu da IICC Shooting Stars ta Ibadan da Bendel Insurance ta Binin. A 1977 Raccah Rovers ta kai wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale, amma Shooting Stars ce ta ɗauki kofin. A shekarar da ta biyo baya ta lashe lig ɗin.

A watan Afrilu na 1978 ta kara da Fluminense ta ƙasar Brazil a wasan sada zumunci a Kaduna. Pele, wanda ya riga ya yi ritaya a lokacin, ya sanya rigar Fluminense ya buga wasan, baƙin suka yi nasara da ci 2 da 1. A 1979 ƙungiyar ta wakilci Najeriya a gasar zakarun Afirka, ta kai zagayen ƙungiyoyi takwas na ƙarshe kafin US Gorée ta Senegal ta fitar da ita.

Wannan nasara ta zo ne a daidai lokacin da kasuwar da ta ɗaukaka sunan Raccah ke mutuwa. Farin farkon shekarun 1970 da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 sun durƙusar da nomanta, dalar gyaɗa ta ɓace daga Kano, ƙasa kuma ta koma dogaro da man fetur. A shekarun 1980 Raccah Rovers ta ɓace daga sahun manyan ƙungiyoyi. Sai da Kano ta yi shekara 30 kafin ta sake ganin kofin lig, lokacin da Kano Pillars ta ɗauka a 2008.

Misalin Leventis United

Wata ƙungiyar da ta bi irin wannan hanya ita ce Leventis United ta Ibadan, wadda John Mastoroudes, wani Bagirke jami'in rukunin kamfanonin Leventis, ya jagoranta tun farkon shekarun 1980. Kamfanin kansa Anastasios Leventis ne ya kafa shi, Bagirke daga tsibirin Saifurus. Ƙungiyar ta taso daga rukuni na uku, ta ci Kofin Ƙalubale a 1984, ta kai wasan ƙarshe na gasar masu riƙe da kofuna ta Afirka a 1985, inda Al Ahly ta Masar ta doke ta. A 1986 ta haɗa lig da Kofin Ƙalubale. Duk da haka, a ƙarshen kakar 1987 aka rushe ta, a lokacin da shirin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar naira. Ƙungiyar ba ta da mambobi masu ikon ci gaba da ita, don haka da mai kuɗin ya janye, sai komai ya tsaya.

Inda mambobi suka riƙe ƙungiya

A ƙasar Ostareliya labarin ya bambanta. Girkawan da suka yi ƙaura zuwa can bayan Yaƙin Duniya na Biyu sun kafa ƙungiyoyi a unguwanninsu, kuma mafi shahara ita ce South Melbourne Hellas, wadda aka kafa a 1959 ta hanyar haɗe ƙananan ƙungiyoyi uku. Ta lashe gasar ƙasar sau huɗu, a 1984 da 1991 da 1998 da 1999, ta kuma buga gasar ƙungiyoyin duniya a Brazil a shekarar 2000. Da aka kafa sabuwar gasar A-League a 2005 ba a sanya ta ciki ba, ta koma gasar jihar Victoria. Amma ba ta mutu ba, domin mallakarta na hannun mambobi masu biyan kuɗin shekara, masu zaɓen shugabanni, kuma 'ya'yansu da jikokinsu sun gaji goyon bayanta.

Halin da ake ciki yanzu

Bayan faɗuwar ƙungiyoyin kamfanoni, gwamnatocin jihohi ne suka cike gurbin. An kafa Kano Pillars a 1990, shekarar da aka fara gasar ƙwararru, ta hanyar haɗe WRECA da Kano Golden Stars da Bank of the North. Katsina United, wadda a da ake kira Katsina Spotlights, ita ma ta gwamnatin jiha ce, tana wasanninta a filin Muhammadu Dikko da ke Katsina. Amfanin wannan tsari ya bayyana a 2022, lokacin da ƙungiyoyin biyu suka faɗa rukuni na biyu tare, suka kuma dawo tare a 2023. Ƙungiyar da ke hannun mutum ɗaya ba kasafai take tsira daga irin wannan faɗuwa ba.

Sai dai tsarin yana da nasa cikas. Kuɗin ƙungiya na jiran sakin kasafin gwamnati, shugabanninta kan canza idan gwamna ya canza, kuma ƙorafin jinkirin albashin 'yan wasa ya daɗe a gasar. Masu sukar tsarin na cewa ƙungiyar da ba ta dogara da kuɗin tikiti da sayar da riguna ba, ba ta da dalilin kula da mai kallo.

A 'yan shekarun nan masu kuɗi sun fara dawowa. Remo Stars ta Kunle Soname ta lashe lig a 2025, kuma a shekarar ce Barau FC ta Sanata Barau Jibrin ta hau babbar gasa daga Kano. Tambayar da tarihin Raccah Rovers da Leventis United ya bari ita ce ko waɗannan za su rayu bayan masu su sun gaji ko sun kau. Tambayar ta shafi har ƙananan ƙungiyoyin unguwa a garuruwa irin su Dutsin-Ma da Kurfi, inda sau da yawa uban ƙungiya ɗaya ne ke sayen ƙwallo da riguna da biyan kuɗin mota. Inda aka samu rajistar mambobi da asusun haɗin gwiwa da shugabancin da ake zaɓa, ƙungiya na iya ci gaba ko da uban nata ya janye hannu.