Motar lantarki: babban batir ko ƙarami?

In kana sauraron rediyo ka ji ana ta zancen motoci da babura masu aiki da lantarki, waɗanda ba a zuba musu mai. A wani ajinmu na yaƙi da jahilci, wani ɗan kabu-kabu ya tambaye ni ko abin ya zo namu ne, ko kuwa labarin Turawa ne kawai. Tambayar tana da tushe, domin sha'anin mai ya canja a ƙasar Maraɗi.

A watan Mayu na 2023 gwamnatin Nijeriya ta janye tallafin man fetur. Man ruwa-ruwa da ake shigowa da shi daga Jibiya da Katsina, wanda shekara da shekaru shi ne ke tafiyar da baburanmu da araha, ya yi tsada. Muna da matatar SORAZ a Damagaram tun 2011, kuma a Yulin 2024 hukuma ta sauke farashin lita zuwa sefa 499. Duk da haka, a Maris na 2025 an ga dogayen layuka a gidajen mai. Wasu ƙasashe sun riga sun ɗauki wata hanya: a 2024 Habasha ta hana shigo da ƙananan motoci masu shan fetur. Saboda haka ya kamata mu san yadda ake zaɓen waɗannan na'urori tun kafin dillalai su cika mana kunne.

Mota ɗaya, iri biyu

Kamfani yakan fitar da mota ɗaya, suna ɗaya, jiki ɗaya, amma batir biyu. Batir shi ne tankin motar lantarki, ana kuma auna cikinsa da kilowat-awa, wato ma'aunin da NIGELEC ke rubutawa a takardar kuɗin wuta. Ga misali. Motar Nissan Leaf ta ƙasar Japan da aka fitar a 2017 tana da batir mai 40, an rubuta mata tafiyar kilomita 270 da caji ɗaya. A 2019 aka ƙaro mai 62, aka rubuta mata 385. Mai babban batir ta fi tsada, domin batir shi ne abu mafi tsada a jikin motar.

Kada ka ɗauki lambar da aka rubuta a matsayin alkawari. An samo ta ne a ɗakin gwaji, babu rairayi, babu kaya, babu zafin watan Afrilu da ke wuce maki 40 a garinmu. Gwajin ƙasar Sin kuma yakan ba da lamba mafi girma bisa ga na Turai, don haka tambayi da wane gwaji aka auna. Shawarata ita ce ka cire kashi ɗaya cikin huɗu. Mai 270 ka lissafta ta a 200.

To, kilomita nawa kake yi a yini? Daga Maraɗi zuwa Tibiri tafiya ba ta kai kilomita 20 ba. Haka ma Jiratawa. Mai ɗauko zogale da kayan lambu daga Jiratawa zuwa kasuwa, ko ma'aikacin da ke kwana a Tibiri yana aiki a birni, ko ya je ya dawo sau biyu bai cika kilomita 80 ba. Ƙaramin batir ya ishe shi har da saura. In ya sayi babba, ya biya kuɗi mai yawa domin nauyin da zai riƙa yawo da shi ba tare da amfani ba. Amma Damagaram tana da nisan kilomita kamar 240, Yamai kuwa ta wuce 600. Mai 62 za ta iya kai ka Damagaram, da ɗan abin da ya rage. Yamai kam babu wadda za ta kai cikin biyun sai an tsaya caji a hanya, kuma kada ka kama hanya sai ka tabbatar da wurin tsayawar.

Ina wutar take?

Nan ne maganar ta fi nauyi. Wutar Maraɗi ta daɗe tana zuwa ta layin Katsina. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, Nijeriya ta yanke wutar a Agusta, ba ta dawo ba sai bayan da aka ɗage takunkumi a farkon 2024. Wanda ya zauna cikin garin nan a waɗannan watanni ba ya bukatar bayani.

Mu yi lissafi, irin wanda muke yi a allo. Soket na gida yana ba da kilowat 2 da ɗan ɗori. Cika batir mai 40 daga ƙasa zai ci awa 18 zuwa 20. Mai 62 zai kusa awa 30. Ka ga babban batir ba ya cika a dare guda, ko da wuta ba ta ɗauke ba. Sai dai ba kullum ake cikawa daga ƙasa ba: tafiyar kilomita 60 tana cin kilowat-awa kamar 10, wato caji na awa 5. A nan ne babban batir ke da hujjarsa guda, wadda ban raina ba: in aka kwana biyu babu wuta, shi yana da ajiya. Wanda ke da faifan hasken rana masu yawa a gidansa, kuma motarsa na tsaye da rana, bai cika bukatar wannan ajiya ba.

Wajen kuɗi kuma, ƙaramar mota mai shan lita 7 a kilomita 100, a farashin 2024, ta ci jika uku da rabi. Ta lantarki tana cin kilowat-awa kamar 17. Ɗauko takardar wutarka, duba kuɗin kilowat-awa ɗaya, ka ninka sau 17, ka kwatanta. Wannan rarar ce za ta biya bambancin kuɗin saye, in har za ta biya.

Zafi da tsufan batir

Yawancin motocin da ke iso mana na hannu ne, batir kuwa yana tsufa, zafi kuma yana gaggauta tsufansa. Leaf ɗin da muka ambata ba ta da ruwan sanyaya batir, wannan rauni ne a ƙasa irin tamu. A allon gabanta akwai sanduna 12 masu nuna lafiyar batir. In ɗaya ta ɓace, kusan kashi 15 cikin ɗari ya tafi. Ƙirga su da idonka. Motocin da ke sanyaya batir da ruwa, da masu batir irin LFP kamar na kamfanin BYD, sun fi jure zafi. Kamfanoni da dama suna ba da garanti na shekara 8 ko kilomita 160,000, amma tambayi wa zai cika shi a Nijar, kuma a rubuta maka.

Kayan ƙawa kuwa, kujerar fata da babban allo da rufin gilashi, ba su ƙara ko kilomita ɗaya. Abin dubawa shi ne tsayin cikin mota daga ƙasa saboda rairayi da ruwan damina, da ƙarfin na'urar sanyi, da tayar safaya, domin da yawa ba su zuwa da ita. Duba kuma wayar caji: wutarmu 220 ce, wayar da ta zo daga Amurka sau da yawa ta 120 ce. Bakin caji na Sin da na Japan da na Turai ma ba ɗaya ba ne.

Mai babur da mai adaidaita

Na san mafi yawan masu karanta wannan shafi babur ne a gabansu, ba mota ba. Hukuncin ɗaya ne. A jikin batir za ka ga lambobi biyu, misali 72V da 40Ah. Ninka su: 2,880, wato kusan kilowat-awa 3, tafiyar kilomita 70 ko 80 ke nan da fasinja. Ɗan kabu-kabu da ke wuce haka a yini yana bukatar batir na biyu. A Benin da Togo kamfanin Spiro yana da wuraren da ake ajiye batir da ya ƙare a ɗauki cikakke cikin ƴan mintoci. Inda babu irin wannan wuri, kai ne za ka sayi na biyun. Batir na dalma ya fi araha, amma yana da nauyi, kuma bayan caji ƴan ɗaruruwa sai ya mutu. Na litiyom irin LFP yakan kai caji dubu biyu ko fiye. Kafin ka biya, sa mai sayarwa ya faɗa maka kuɗin sabon batir, sannan ka je wurin makanikenka ka tambaye shi ko ya taɓa buɗe irin wannan babur.