Zawon 'Ya'yan Aladu: Maganin Na Farawa Daga Cikin Uwa

A nan Sanyinna, ƙasar Tambuwal, awaki da tumaki da shanu ake kiwo, ba aladu ba. Amma da yawa cikinmu muna da dangi a ƙasar Zuru da kudancin Kaduna waɗanda alade ne asusunsu. Shi ake kaiwa kasuwar Katsit kusa da Kafanchan ran Alhamis a biya kuɗin makaranta, a sayi taki, a fid da baiko. Saboda haka in zawo ya kashe 'ya'yan aladu bayan yaye, karatun yaro ne ya tsaya.

Abin da aka saba yi shi ne a fasa kafso a zuba cikin dusa, ko dabba na ciwo ko lafiyarta lau. Ƙasashen Tarayyar Turai sun hana sa irin wannan magani a abincin dabbobi don ƙiba tun daga 2006, domin ƙwayoyin cuta suna sabawa da shi, har ya kasa aiki ranar da mutum ya kwanta a asibiti. Wannan ya sa hankali ya koma kan abin da ake kira furobayotik, wato garin da ke ɗauke da ƙwayoyin halitta masu rai, masu amfani. Wasunsu dangin waɗanda ke sa madara ta zama kindirmo ne, wasu kuma yis ne irin na burodi.

Ga yadda abin yake. Dusar da ƙaramin hanji bai narkar ba takan wuce babban hanji, inda ƙwayoyin ke tsima ta. Tsimin nan yakan fid da wani tsami da ke ciyar da bangon hanji, ya kuma hana ƙwayoyin zawo sakewa. Ɗan alade kuwa daga uwarsa yake samun ƙwayoyin farko: wajen haihuwa, da jikin nononta, da kashinta. Shi ya sa ake fara ba uwa garin a makonnin ƙarshe na cikinta, wanda kan ɗauki wajen kwana 114, a ci gaba har lokacin yaye, sa'ad da sauyin abinci ke rikita cikin 'ya'yan.

Sai dai kada mu ruɗu. Binciken masana ya nuna wani lokaci garin yakan rage zawo, wani lokaci ba a ganin bambanci. Abu ne mai rai, in ya sha zafin rana a rumfar kasuwa yana iya mutuwa tun cikin leda. Ba ya kuma maganin annobar zazzaɓin aladu, wadda ta ɓarke a Nijeriya a 1997, ta kuma yi mummunar ɓarna a gonar Oke-Aro kusa da Legas a 2020.

Shawararmu ga ikkilisiyoyi da Zumuntar Mata ita ce, kafin a kashe ko kwabo, a tabbata kowane ɗan alade ya sha dakashin uwarsa ranar da aka haife shi, garke ya bushe, ruwan sha ya zama mai tsabta, yaye kuma a yi shi sannu a hankali. Sa'an nan a gayyato likitan dabbobi, ko a nemi shawarar masana na Vom da Shika, a gwada garin a garke ɗaya a ga abin da zai yi. Dabba amana ce da Ubangiji ya danƙa mana, kuma za mu ba da lissafinta.