Tukunyar Pampaida da Ruwan Zobe

Yau ku yi mini afuwa, babi na gaba na littafinmu sai mako mai zuwa, domin akwai abin da ya tsaya mini a rai tun da na dawo daga biki a wani ƙauye kusa da dam ɗin Zobe.

A bakin garin akwai ajujuwa biyu da wata ƙungiyar agaji ta gina shekarun baya. Iska ta yaye rabin kwanon, awaki ne kwance a ciki, amma allon da ke ɗauke da sunan ƙungiyar yana nan tsaye ƙyam. Wani dattijo ya ce mini tun ranar da aka yanka kirtani aka ɗauki hoto ba su sake ganin ƙeyarsu ba. Yaran kuwa suna bakin ruwa wajen masunta, wasu suna talla.

Nan take na tuna da Pampaida, wani ƙauye a ƙaramar hukumar Ikara ta jihar Kaduna. A 2006 aka sa shi cikin shirin Ƙauyukan Ƙarni, wanda masanin tattalin arzikin nan na Amurka, Jeffrey Sachs, ya jagoranta tare da ƙungiyar Millennium Promise da Majalisar Ɗinkin Duniya. Su zama suka yi har 2015. An yi asibiti, an haƙa rijiyoyin burtsatse, an gina ajujuwa. Amma ni abin da ya fi burge ni shi ne tukunya. A ba manomi taki da iri, idan ya girbe ya kawo wani kaso na hatsi, da shi za a dafa wa ɗalibai abincin rana. Kun ga kenan uban da ya kai buhun masara makaranta dole ya leƙa ya ga ko ɗansa na cikin masu ci, ko malam ya zo aiki.

Na san masana sun yi ta cacar baki a kan shirin, wasu suka ce kuɗin da aka kashe ya fi abin da aka samu, wasu suka ce da an janye tallafin taki tukunyar ma za ta huce. Maganarsu abin dubawa ce. Sai dai ni a ganina gara wanda ya zauna shekara goma ya yi kuskuren da za a iya gani a gyara, da wanda ya zo wuni ɗaya.

Mu mutanen Katsina ai mun san zafin wannan. An kammala dam ɗin Zobe a 1983, zamanin Shagari, amma sai a 2021 Buhari ya zo ya buɗe aikin tace ruwansa. Kusan shekara arba'in ruwa na kwance, mutanen Dutsin-Ma na sayen jarka a hannun 'yan garuwa!

Ga ruwa, ga fadama, ga kifi. Duk ƙungiyar da za ta shigo ƙauyukan Dutsin-Ma da Kurfi, musamman yanzu da 'yan bindiga suka tsorata malamai da iyaye, ina roƙonta ta fara zama da mai unguwa, liman da matan gari kafin ta sayi siminti. Ta taimaka da injin ban ruwa da taki, a rubuta yarjejeniya cewa wani kaso na noman rani na makaranta ne, kuma ta faɗa musu ƙarara shekara nawa za ta yi da su.

Dattijon nan ya ce mini su da kansu za su iya mayar da kwanon, amma har yau ba su san ko ajujuwan nasu ne ko na masu allo ba.