Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Jami'ar Diffa



Tun hare-haren Fabrairun 2015 a Bosso da Diffa, masu tambayoyi ba su bar ƙofofinmu sun huta ba. Me kuka ci jiya? Sau nawa kuka ɗora tukunya? Yaushe rabonku da kifi? Uwa ta amsa, a zagaya wa ɗanta zaren awo a dantse, mota ta tashi. Da idona na ga wani ma'aikacin bincike a gindin bedi yana cika takardun gidajen da bai taka ba. Ƙarya ce tsagwaronta, kuma da irin wannan lissafi ake yanke wanda za a ba gero da wanda za a hana.

Kada a ce wai malamin jami'a ya fi ƙarfin haka. Brian Wansink na Jami'ar Cornell a Amurka ya yi suna kan binciken yadda mutane ke cin abinci. Ya wallafa cewa ya gwada yara ƴan shekara 8 zuwa 11, ashe ƴan 3 zuwa 5 ne. A Satumban 2018 mujallun JAMA suka janye rubuce-rubucensa shida a rana guda, jami'arsa ta same shi da laifi, ya bar aiki. Waɗanda suka tona shi sake lissafin alƙalumansa suka yi. To wa ke sake lissafin abin da ake kwasowa daga sansanin Sayam Forage? Wa ke komawa Gueskérou ya tambayi manomin tattasai ko an zo gidansa? Wa? Kano ta ga gwajin maganin Trovan a 1996, don haka mun san abin da rashin sa ido ke haifarwa.

An kafa jami'arku a 2014, muna alfahari da ita, kuma babu wanda ya fi ɗalibanku sanin bakin kogin Komadugu. Amma shirun malamai ya yi yawa, ranka ya daɗe.

Muna roƙo: a ajiye kwafin ɗanyun bayanai a jami'a, ɗalibai su riƙa bin sawu gida-gida, a karanta wa mutane sakamako da Kanuri, Hausa da Fulatanci, wanda aka kama da ƙage a fallasa shi.

Kai ma uba ne. Ranar da aka rubuta yaro mai tamowa cikin masu ƙoshi, aka tsallake gidansu wajen rabo, alhakin zai hau wanda ya rubuta da wanda ya iya dubawa bai duba ba. Muna jiran amsarka a bainar jama'a.

Naka,
Wani mazaunin Diffa