Ramukan Titunan Khartum Da Omdurman: Harajin Da Ƙafar Mota Ke Biya

Tun daga lokacin da sojojin Sudan suka ƙwace fadar shugaban ƙasa da filin jirgin saman Khartum daga hannun dakarun RSF a watan Maris na 2025, hirar da ake yi a rumfunanmu na kasuwannin kan iyaka ta sauya salo. A da tambayar ita ce wa ya tsira, wa ya samu fitowa. Yanzu kuwa ana tambayar yaushe kasuwa za ta dawo. Hukumar kula da ƙaura ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta bayyana a watan Oktoba na 2025 cewa sama da mutum miliyan 1 sun koma Khartum, sannan a watan Janairu na 2026 Firayim Minista Kamil Idris ya ba da sanarwar cewa gwamnati ta baro Port Sudan ta dawo babban birni. Duk ɗan kasuwa ya san ma'anar wannan, domin mutanen da suka tarar an yashe gidajensu suna buƙatar komai, daga katifa har cokali. To amma kafin wani ya ɗauki alƙalami ya fara lissafin riba, muna ganin ya dace mu sunkuya mu dubi ƙasa, saboda akwai wani haraji da babu shi a takardar kwastan, ba a kuma ba da rasit a kansa. Ramin titi ne ke karɓarsa, ƙafar mota ce ke biya, daga ƙarshe kuma a kan kayanmu yake sauka.

Kada mai karatu ya ɗauka yaƙi ne ya haifi ramukan nan. Idan aka ce Khartum, garuruwa uku ake nufi, wato Khartum ɗin kanta da Bahri da Omdurman, waɗanda suke zaune a mahaɗar Farin Nilu da Shuɗin Nilu. Akasarin ƙasar da ke tsakanin kogunan biyu laka ce irin firgin da direbobinmu na hanyar Dikwa zuwa Gamboru suka sani, wadda ke kumbura da damina, ta tsage da rani, kwaltar da aka shimfiɗa mata kuma ta bi ta ta tsage. Ga ƙarancin magudanan ruwa. Ruwan sama ba shi da yawa a can, amma idan ya zo tsakanin Yuli da Satumba yakan zo ne a guje, ya kwanta a kan titi kwana da kwanaki, kamar yadda aka gani a ambaliyar 1988 da ta 2020. A ɓangaren Omdurman kuma rafuka irin su Khor Abu Anja ne ke kwaso ruwa daga tudu su ratsa gari. Da zarar ruwa ya samu tsaga ya shiga ƙarƙashin kwalta, sai ƙasar da ke riƙe da ita ta yi laushi, babbar mota ta zo ta danna, gefen ya ɓare. Ramin da ya fara kamar faranti, kafin damina ta fita ya zama daro.

Abin da yaƙi ya yi shi ne ya tsayar da ɗan facin da ake yi. Daga 15 ga Afrilu na 2023 har kusan shekara 2 ba a yi maganar gyaran titi ba a yawancin unguwanni, ga ramukan da manyan harsasai suka bari, ga shingayen ƙasa da aka tara a mararraba, ga kuma ɓarayin da suka riƙa tona ƙasa suna zare wayoyin lantarki don jan ƙarfen da ke ciki. Bugu da ƙari, gadar Shambat da ke haɗa Omdurman da Bahri ta karye a watan Nuwamba na 2023, ta Halfaya ma ta samu mummunar illa a tsakiyar 2024. Idan gada ɗaya ta fita daga lissafi, nauyin da take ɗauka ba ɓacewa yake yi ba, komawa yake kan sauran gadojin da titunan da ke kaiwa gare su, har da tsohuwar gadar Farin Nilu wadda Turawan Ingila suka gina tun shekarun 1920.

Yanzu bari mu shiga ƙarƙashin mota, domin a nan ne da yawa daga cikinmu muke da ƙarancin sani, duk da cewa rabin rayuwarmu a kan lodi take. Faɗawar taya cikin rami ba ita ce babbar ɓarnar ba, fitowarta ce. Tayar takan daki bakin ramin na gaba, wanda ke da kaifi kamar dakali, ƙarfin dukan ya tura ta baya da sama a lokaci guda. Wanda ke fara shan dukan shi ne gefen taya, inda ya matse tsakanin bakin rami da rim, zaren cikinsa ya tsinke. Shi ne ƙullutun da muke gani ya fito a jikin taya kamar ƙari. Wannan ba aikin mai faci ba ne, tayar ta riga ta mutu, jiran rana kawai take yi, kuma ranar takan zo ne a kan babbar hanya da tsakar zafi. Rim na ƙarfe lanƙwasa yake yi, na alminiyom kuwa tsagewa, iska ta riƙa zurarewa a hankali.

Abin da taya ta kasa shanyewa sai ya wuce ga sifirin da shokazoba. Aikin sifirin shi ne ɗaukar nauyi, aikin shokazoba kuma shi ne hana mota ci gaba da tsalle bayan duka. Idan man da ke cikin shokazoba ya tsiyaye, mota na iya tafiya har wata da watanni mai ita bai damu ba, sai dai taya ba ta zama daram a ƙasa, saboda haka birki ba ya kamawa da wuri, kwana kuma ta zama abin tsoro. A manyan motoci da a-kori-kura masu sifirin na falle-falle, falle ɗaya kan karye, ko santabol ya tsinke, aksul ya goce daga mazauninsa. Shi ya sa wani lokaci za ka bi bayan gingimari ka ga tana tafiya a karkace kamar kaguwa, kai yana gabas, gindi yana neman arewa.

Mafi haɗari dai shi ne abin da ke faruwa da sitiyari. Tsakanin hannun direba da taya akwai wasu ƙananan gaɓoɓi, tayarod da boljoyin da robobin bushin, kuma su ne ke riƙe taya ta fuskanci inda ake so. Duka ɗaya mai kyau ya isa ya lanƙwasa tayarod ɗan kaɗan, abin da ido ba zai gani ba, amma saitin ƙafa ya riga ya tafi. Daga nan sai mota ta fara ja gefe ɗaya, sitiyari ya karkace alhali ana tafiya a miƙe, taya ta riƙa cinyewa ta gefe guda, mai kuma ya ƙara ƙonewa domin tayoyin suna jayayya da juna. Boljoyin kuma yana da ɗan murfin roba da ke tsare giris. Idan ya yage, ƙurar Omdurman, ƙasar da ake yin guguwar habub, ta shiga ciki ta zama kamar dutsen niƙa. Za a fara jin ƙwas-ƙwas idan an taka gargada. Ranar da ya fita daga gurbinsa, taya ce za ta kwanta a ƙarƙashin mota, sitiyarin da ke hannun direba kuma ya zama ado. Mu kanmu mun sha ganin mota a gefen hanya ta durƙusa da ƙafa ɗaya, mu ce tsautsayi, alhali ta yi wata uku tana kuka.

Akwai lissafi guda da ya kamata kowane direba ya riƙe: idan gudu ya ninka sau 2, ƙarfin da mota ke ɗauke da shi ninkawa yake yi sau 4. Sannan taka birki a cikin rami ya fi muni, domin nauyi yana komawa kan ƙafar gaba, sifirin ya riga ya danne, babu sauran wurin shanye duka. A rage gudu tun kafin a isa, a saki birki a bakin ramin. Tayar da ba ta da isasshiyar iska ma ta fi saurin tsinkewa.

To ina ruwan mai rumfa a Jibiya ko Maigatari ko Gamboru da boljoyin ɗin wata Hiace a Omdurman? Ruwansa shi ne kuɗin mota. Mai mota ba ya biyan gyara daga aljihunsa, a kan kowane buhu yake raba shi. Kafin yaƙi Dala ɗaya ba ta wuce kusan Fam 600 na Sudan ba, amma a 2025 ta haura Fam 3,000 a kasuwar bayan fage, kuma kusan duk kayan gyaran mota daga waje ake shigo da su. An wawashe shaguna da gareji-gareji na unguwannin masana'antu, ƙwararrun makanikai sun watsu zuwa Masar da wasu jihohi, matatar mai ta Jaili da ke arewa da Bahri ta ƙone a watan Janairu na 2025. Saboda haka duk wanda zai yi cinikin kai kaya Suƙ Libiya, babbar kasuwar nan ta yammacin Omdurman, ya sani cewa farashin da ya saba da shi a 2022 tarihi ne.

Wani zai ce ai wannan ma dama ce, a kwashi shokazoba da tayoyi daga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna a nufi gabas. A takarda haka ne. A ƙasa kuwa, hanyar da kakanninmu suka bi zuwa aikin Hajji, wadda ta bar mana 'yan uwa a Mai Wurno da sauran garuruwan Sudan, ta Abeche da Adre da Al-Junaina, ta ratsa yankin da ke hannun ɓangare guda, Khartum kuma tana hannun ɗayan. Al-Fashir ta faɗa hannun RSF a watan Oktoba na 2025, garin Bara da ke kan titin da ya haɗa Omdurman da Al-Ubayyid kuma ya sauya hannu fiye da sau ɗaya a cikin wannan shekarar. Kayan da ke shiga Khartum ta Port Sudan suke zuwa, su biyo ta Atbara da Shendi, ko kuma daga Masar ta Dongola. Ɗan kasuwar Alƙahira ya fi mu kusa, ya fi mu sauƙin hanya, kuma bai kamata mu yaudari kanmu a kan haka ba. Abin takaici ma shi ne, ita wannan hanyar ta yamma tsohon ciwo ce. A shekarun 1990, zamanin Umar al-Bashir, an yanke wa mutanen jihohin yamma kasonsu na sukari mai rangwame da sunan za a gina musu titin da zai haɗa su da tsakiyar ƙasa, aikin ya yi ta jan ƙafa shekara da shekaru, batun kuɗinsa kuma ya zama abin gori a siyasar Sudan.

Inda abin ya fi shafarmu kai tsaye shi ne motocin da suka fito daga can. Kafin yaƙi, motocin fasa-ƙwauri da ke shiga Darfur daga Libiya da Chadi, 'yan Sudan suna kiransu da suna Boko, sunan da suka aro daga masifarmu. Yaƙi ya juya akalar. An sace dubban motoci a Khartum da Omdurman, aka kora su yamma ta cikin daji, wasu suka tsallaka iyaka, wasu aka farfasa aka sayar gunduwa-gunduwa. Motar da aka gudu da ita ɗaruruwan kilomita a hanyar da ba hanya ba, fenti zai iya rufe jikinta, amma ƙafarta ba ta ƙarya. Muna ba duk wanda aka kawo wa mota da araha mai ban mamaki shawara ya sa jak ya ɗaga gaba, ya kama taya sama da ƙasa ya girgiza, sannan ya kama ta dama da hagu. Idan akwai wasa, boljoyin ko boris ko tayarod sun tafi. Ya danna kowace kusurwa ya saki, in ta yi lilo fiye da sau ɗaya shokazoba ta mutu. Ya duba shasi ko akwai sabon walda. Sannan ya duba lambar shasin da takardu da idon basira, domin mai motar na asali yana nan da rai a Omdurman ko Alƙahira, kuma kayan sata ba ya zama halal don ya ƙetare iyaka biyu. Haka nan kayan ƙafa na gwanjo: injin ana iya tayar da shi a ji sautinsa, amma tayarod da aka miƙar da guduma ba ya magana.

Sai kuma namu laifin, wanda ba mu cika son a taɓo ba. Wani gwaji da aka yi a jihar Illinois ta Amurka daga 1958 zuwa 1960 ya nuna cewa idan nauyin da ke kan aksul ya ninka sau 2, ɓarnar da yake yi wa titi tana ninkawa kusan sau 16. Ƙananan motoci dubu ba su kai tirela ɗaya mai lodin wuce kima lahani ba. Ƙasashen ƙungiyar UEMOA, har da Nijar, sun kafa doka tun 2005 da ta taƙaita nauyin aksul guda a kan tan 11.5, amma kowa ya san irin lodin da ke tashi daga tashoshinmu, da yadda muke roƙon direba ya ƙara buhu 50 a sama don mu rage kuɗin mota, shi kuma ya je ya ƙara falle a sifirin don kada ta zauna. Sifirin ya ɗauka, amma boris da santabol da kwalta ba a yi shawara da su ba.

Hukumomin jihar Khartum na da aiki ja a gabansu, ga ruwan sha, ga lantarki, ga gadoji, kuma ba mu zaton facin titunan unguwa zai zo a sahun farko. Ko an zo yi ma, zuba kwalta a kan laka ba tare da an fara yashe magudanan ruwa ba, damina ɗaya ce za ta cinye shi. Don haka wanda ke da wakili a Omdurman ya sa kuɗin tayoyi da gyaran ƙafa a cikin lissafin kowane zuwa, ya yi ƙoƙari kayansa su isa kafin watan Yuli, ya kuma rubuta a yarjejeniyarsa da mai mota wanda zai ɗauki asarar kwanakin da za a yi a gefen hanya idan aksul ya karye.